Titin Kano Zuwa Kwangwalam: Masu Wucewa da Masu Tsallakawa

Duk wanda ya baro Kano ya nufi arewa, da zarar ya saki hanyar Katsina a wajen Dawanau ya kama ta Daura, tafiya ce a miƙe cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. In damina ce gero da dawa dama da hagu, in rani ne kara da ƙura, gawo da kuka jefi-jefi. Haka zai yi ta tafiya har ya wuce Ɗambatta. Daga nan sai ƙasa ta fara sauya kama, duwatsu su ɗago kai, titi ya shiga hawa da gangara, direban da ya taho yana zuba gudu ya fara taɓa birki. An zo Kazaure ke nan, kimanin kilomita 80 daga Kano, a kusurwar arewa maso yammacin Jigawa.

A Kanti, inda titin ya ratsa tsakiyar hada-hadar garin, kwalta na yin aikin da ba don shi aka shimfiɗa ta ba. 'Yan kamasho na kiran Kano da Daura, kowace mota "saura mutum ɗaya". Mai faci ya kafa injinsa a gefe, mai shayi ya jera bencinsa, masu rake da mangwaro na bin tagogin motoci, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu na jiran ɗan acaɓa. A tsakiyar wannan duka tirela ce ke kutsowa da buhunan siminti ko taki, ta nufi bakin iyaka.

Mutane iri biyu ne ke amfani da wannan titi. Akwai mai bin tsawonsa, wanda burinsa ya isa Daura ko Damagaram kafin magariba. Shi injiniya ke gani a takarda, shi ake ƙirgawa in za a yanke faɗin hanya da kaurin kwalta. Akwai kuma mai ƙetare faɗinsa: yarinya mai tallan gyaɗa, almajiri da kwanonsa, dattijon da gidansa ke gabas da titi masallacinsa na yamma, manomi da amalanken shanu, Bafulatani da garkensa. Wannan na biyun ba kasafai yake shiga lissafi ba, alhali shi ne ke kwana ya tashi da titin. A ganina, da yadda aka yi da shi ya kamata a auna duk wani aikin hanya a wannan yanki.

Tun kafin a san kwalta nan hanya ce. Ayarin Azbinawa masu gishiri da dabino, da fatake masu kanwa, ta Damagaram da Daura suke gangarowa su nufi Kano, su koma da hatsi da baƙin rini da fatu. Madugu ke ja gaba, amma rijiya da zango da tsaro su ke tsara masa inda zai bi. Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure a wajen 1819, da ɗansa Dambo da ya gaje shi, sun zauna ne a wuri mai wuyar shiga ga mahara, wanda kuma yake kan hanyar da ta haɗa Kano da Daura. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, sai hanyar ta ƙara nauyi. Jakuna da raƙuma suka fara ɗauka, daga baya manyan motoci suka karɓa. Har gyaɗar ƙasar Damagaram ta nan take bi zuwa tashar jirgin Kano, kafin Faransawa su karkatar da wani ɓangarenta zuwa Kwatano a shekarun 1950.

Hanyoyin wancan zamani na burji ne, masu gargada. En'e ke kula da su, da leburori, da kuma aikin tilas da ake ɗora wa talakawa ta hannun hakimai da dagatai, abin da bai kamata a manta ba in ana yabon hanyoyin Turawa. Amma akwai abu ɗaya da masu aikin da suka sani: matafiyi a hankali yake tafiya, yana bukatar inuwa. Shi ya sa ake jera darbejiya da maɗaci a gefen hanya. Yau in za a faɗaɗa titi, itatuwan su ne farkon abin da katafila ke turewa, kuma da wuya ka ga an dasa madadinsu, a yankin da hamada ke matsowa har aka sa shi cikin shirin nan na Afirka na kafa gandun itatuwa don tare ta.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire Jigawa daga Kano. Masarautar Kazaure, da ƙananan hukumominta na Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, ta faɗo cikin sabuwar jiha, haka ma Babura da ke ƙarƙashin masarautar Ringim. Taswira ta sauya, hanya ba ta sauya ba. Manyan titunan da aka gada duk Kano suka dosa, kamar yatsun hannu da suka haɗu a tafi. Har yau mutumin Roni mai uzuri a Dutse, babban birnin jiharsa, yawanci sai ya bi ta cikin Kano. Gwamnoni biyu wannan kusurwa ta bayar, Ibrahim Saminu Turaki ɗan Kazaure daga 1999 zuwa 2007, da Muhammad Badaru Abubakar ɗan Babura daga 2015 zuwa 2023, kuma gwamnatocin jihar sun shimfiɗa hanyoyi da dama tsakanin garuruwa. Duk da haka titin Kano zuwa Daura shi ne ƙashin bayan yankin.

Tagwayen titi

A farkon 2023 aka ƙaddamar da aikin mayar da shi tagwaye, daga shataletalen Dawanau zuwa Kwangwalam a kan iyakar Nijar, kilomita 132, a kan naira biliyan 116. Kamfanin BUA na Abdussamad Rabi'u ne ya ɗauki nauyi, a ƙarƙashin umarnin shugaban ƙasa mai lamba 7 na 2019. Tsarin shi ne kamfani ya gina hanya da kuɗinsa, gwamnati ta cire masa daga harajin da zai biya. Wannan na nufin a ƙarshe kuɗin jama'a ne, harajin da da baitulmali zai shiga. Don haka mutumin Kazaure na da cikakken haƙƙin tambayar yadda aka zana titin da zai ratsa ƙofar gidansa.

Amfanin aikin ba abin musu ba ne. Wannan titi ɓangare ne na babbar hanyar tarayya mai lamba A2, kuma ta wannan yanki ne hanyar ƙetare Sahara, wadda ta taso daga Aljiyas ta bi Tamanraset da Agadas da Damagaram, mai tsawon kimanin kilomita 4,500, ke shigowa Kano kafin ta wuce Legas. A kan titi mai hannu ɗaya, mafi munin haɗari shi ne taho-mu-gama: ƙaramar mota ta gaji da bin bayan tirela, ta fito obatekin a kan tudu, ta yi kiciɓis da mai tahowa. Raba hannun zuwa da na dawowa na kashe mafi yawan irin wannan. Duk gidan da ya taɓa karɓar gawa daga kan hanyar nan ba ya bukatar a yi masa bayani.

Sai dai abin da ya zama rahama ga mai wucewa yakan zama jarrabawa ga mai tsallakawa. Ma'aunin titin tarayya mita 7.3 ne a kowane hannu, da kafaɗa ta mita 2.75. In aka haɗa hannu biyu da kafaɗu da katangar tsakiya, faɗin ya haura mita 20. Dattijon da da layi biyu yake ƙetarewa, yanzu huɗu ne a gabansa, ga siminti a tsakiya da sai ya haura. Kuma titi mai faɗi da santsi shi da kansa ke kiran gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa in gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, yiwuwar mutuwar mai tafiya a ƙasa da ta buge na ninkawa sau huɗu da rabi. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta ce 50 ne iyaka a cikin gari. Amma allo ba ya taka wa direba birki.

Mutanen gefen titi sun daɗe da gane haka. Shi ya sa a ƙauyuka da dama za ka tarar da tudun ƙasa, ko kututture, ko tsofaffin tayoyi an gitta a kan kwalta. In ka tambaya, sau da yawa za a ce maka bayan an kaɗe wani yaro ne matasa suka fito suka yi shi. Direbobi na tsine wa waɗannan tudda, kuma da gaskiyarsu, domin tudun da ba fenti ba alama yana karya mota cikin dare, wani lokaci ma ya jawo haɗarin da aka yi shi don hanawa. Amma ni ina ganin injiniya mai basira zai ɗauke su a matsayin rahoton da jama'a suka rubuta masa kyauta. Duk inda mutane suka yi tudu, ko suka fasa katangar tsakiya don babur ya wuce, nan ne wurin da ya kamata a ce tun farko an yi mashiga.

Ƙasar Suwidin ta ɗauki wata manufa a 1997, wadda ta ginu a kan cewa ɗan Adam ajizi ne, dole ya yi kuskure, don haka a zana titi yadda kuskuren ba zai zama ajali ba. Wannan ba ya cin karo da imaninmu da ƙaddara. Ɗaure raƙumi ne kafin tawakkali. A aikace abubuwan ba masu wuya ba ne. A cikin gari a yi ƙaramar hanya a gefe don 'yan acaɓa da masu amalanke da masu talla. A bar tsibiri mai faɗi a tsakiya inda mace mai goyo za ta tsaya ta numfasa kafin ta ƙarasa. Inda burtali ya gitta titi a yi babban kwalbati mai tsayin da sa zai shige da ƙahonsa. A ware wa manyan motoci fili a bayan gari, da ruwa da masallaci da masu abinci, don kada su kwana a kafaɗar titi. Kuma kafin a zana ko ɗaya, a zo ranar kasuwa a zauna daga hantsi zuwa la'asar a ƙirga masu ƙetarewa kamar yadda ake ƙirga motoci, a ji ta bakin dagaci da arɗo da shugaban makaranta da shugaban tasha.

Zancen manyan motoci a tsakiyar gari ba ƙarami ba ne ga mutumin Jigawa. Daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, a masarauta ɗaya da Babura. Man ya malala cikin lambatu, jama'a suka taru, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Garuruwanmu da yawa haka suke, ɗakin kwana taku kaɗan ne daga inda tanka ke wucewa.

Abin da motoci ke faɗa

Wanda ya taɓa bin bayan gingimari mai bodin katako a kan wannan hanya ya san cewa titi ma yana da adonsa. Kafinta ya haɗa bodi, mai fenti ya karɓa. Shuɗi da rawaya da ja, zaki ya buɗe baki, gaggafa ta ware fukafukai, mahayi a kan doki da rawani, dabino biyu da masallaci a tsakaninsu, jirgin sama, dagin Arewa a kusurwa. Ba a barin fili ya tafi a banza. Har robar da ke tare taɓo a bayan taya sai an yi mata ido ko fure. Sannan ga rubutu, wani da boko, wani da ajami, wani addu'a ce da Larabci: "Allah gatan kowa", "Haƙuri maganin zaman duniya", "Hassada ga mai rabo taki ce", "Komai nisan dare".

Wannan sana'a ce mai ƙa'idojinta, ko da ba a makaranta aka koye su ba. Mai fenti ya san mai karatunsa na cikin mota yana tafiya, ƙura na tashi, don haka kalma uku ko huɗu ce, harafi manya, launi mai fita a kan launi. Ya san a baya ake sa magana mai nauyi, domin na baya shi ne zai daɗe yana kallo. Ya san wani rubutun godiya ce ga Allah, wani habaici ne ga ɗan uwan da ya ce motar ba za ta samu ba, wani kuma na mai gida ne da ya sayar da gona ya saya. Mota dukiya ce da ake sa wa suna, a yi mata ado, a roƙa mata tsari. A Pakistan da Senegal irin wannan zane ya zama abin alfaharin ƙasa har ana kai shi gidajen tarihi. Mu nan muna kallonsa kullum ba mu ɗauke shi fasaha ba, ga shi kuma sitika da ake bugawa da kwamfuta na cinye kasuwar masu zanen hannu. A-daidaita-sahu da ƙananan bas yanzu hoton malami ko ɗan fim ko ɗan siyasa kawai ake mannawa.

Waƙa ma ba ta bar hanya ba. Ɗanmaraya Jos da waƙar karen mota ya fara yin suna, wato yaron da ke kwana a kan kaya, ya sa wa taya waigi a kan tudu, ya ɗebo ruwan lagireto, da fatan wata rana shi ma ya riƙe sitiyari.

Abin da ke damuna shi ne bambancin da ke tsakanin harshen mota da harshen titi. Mota na magana da Hausa, kowa na ganewa. Allunan hukuma kuwa da Turanci suke, a yankin da ɗimbin direbobi da masu tafiya a ƙasa karatun allo suka yi. Me zai hana a kira masu fentin nan, waɗanda suka ƙware wajen isar da saƙo ga mutumin da ke gudu, a ba su aikin rubuta gargaɗi da boko da ajami a mashigar kowane gari? "Makaranta a gaba." "Burtali, a sassauta." Mun iya ƙawata ƙofar shiga gari da zankwaye da dagi don a san an zo masarauta. Irin wannan kulawa ta cancanci wurin da yara ke tsallakawa.

Hanyar Babura da ƙofar da ke ƙarshenta

Babura ba a kan titin Daura take ba. Hanyarta ta biyo ta Kunya da Kanya, ta wuce Babban Mutum a ƙaramar hukumar Baure ta Katsina, ta shiga Magarya a Nijar. Ita ce 'yar uwar ta Kwangwalam da ke bi ta Matamaye; duka biyun a Damagaram suke haɗuwa. Iyakar da suke ƙetarewa, Ingila da Faransa ne suka kafa mata duwatsu tsakanin 1906 da 1908, a tsakiyar mutane masu harshe ɗaya da auratayya ɗaya.

Mutanen wannan hanya sun ga yadda titi ke mutuwa ba tare da ko rami ɗaya ba. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma a Nuwamban 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da haka ta faru kwalta kan yi tsit, babura su koma ɓarauniyar hanya cikin gonaki, mai tuwo da mai faci da yaron mota su zauna hannu rabbana. Biliyoyin da aka zuba a titi ba su da amfani ga ɗan kasuwa in ƙofar ƙarshensa a kulle take, ko in shingaye sun yi yawan da kuɗin da zai bari a hanya ya cinye ribarsa.

Ƙasar ma ba ɗaya ba ce, kuma titi na jin bambancin. A Kazaure da Roni ruwa daga kan duwatsu yake gangarowa da ƙarfi, ya ci gefen hanya, ya buɗe kwazazzabo. A Babura rairayi ne, iska ta kwaso shi ta toshe kwalbati tun da rani, ruwan farko ya rasa mafita ya kwanta a gindin titi. Da ruwa ya shiga ƙarƙashin kwalta, burjin da ke ɗauke da ita ya yi laushi, sai jiran mota mai nauyi. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake wa titi kan ninka kusan sau 16. Ƙa'idar ECOWAS tan 11.5 ce a kan gatari guda mai jan mota. Matuƙar ba a ɗora tirela a sikeli, lodin mutum ɗaya zai ci gaba da cinye titin jama'a.

Roni da Gwiwa kuwa suna yamma da babban titi, wajen iyakar Katsina, kuma damuwarsu daban ce. Akwai kwalta daga Kazaure zuwa Roni har Takwardawa, amma manomi ba a bakin kwalta yake noma ba. Wanda ke ƙauyukan bayan Amaryawa ko Zugai, ko bayan Korayel da Rorau da Buntusu, kafin riɗinsa ko soɓorodonsa ya ga kasuwar Dawanau sai ya fara ratsa yashi da rafi a kan amalanke ko babur. Sau da yawa wannan ɗan guntun shi ya fi wahala a duk tafiyar, kuma shi ke ba ɗan kasuwar da ya shigo ƙauye damar karya farashi. Cikin watan Agusta, rafin da ba kwalbati shi ke tsayawa tsakanin mace mai doguwar naƙuda da asibitin Kazaure.

Akwai wani abu da matafiyi kan gani da kaka ya yi tsaki: barkono ko kuɓewa ko shinkafa an shanya a kafaɗar titi. Haɗari ne ga mai shanyar, ƙura da hayaƙi kuma na ɓata amfanin. Amma dalilin a fili yake, kwalta ce kaɗai daɓe mai faɗi da santsi da ƙauyen ke da shi. Ɗan kwangilar da ya zo da siminti da injin kwaɓa shi, in an sa cikin yarjejeniya, kwana kaɗan zai yi ya bar wa ƙauye daɓen shanya nesa da mota.

Yanzu ga layi na biyu na ratsa yankin. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, a kan kusan dala biliyan 2, a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal, kuma Kazaure na cikin tashoshinsa tare da Ɗambatta da Daura da Katsina da Jibiya. In ya fara aiki zai iya sauke wa titi nauyin siminti da taki da hatsi. Amma tudun layin dogo shi ma katanga ne tsakanin gida da gona, tsakanin ruga da mashaya, kuma huda shi bayan an gama ya fi barin mashiga tun ana zuba ƙasa tsada nesa ba kusa ba.

Babban titi na gwamnatin tarayya ne, gyaransa na hukumar FERMA da aka kafa a 2002. Hanyoyin tsakanin garuruwa na jiha ne. Na ƙauye kuwa, waɗanda su ne za su kai buhun mutumin Gwiwa tashar jirgi ko bakin kwalta, sun rataya ne a wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi ƙarancin kuɗi da kayan aiki a cikin ukun. Abin da waɗannan hanyoyi ke nema yawanci bai wuce burji da kwalbati da yashe magudana ba, kuma lokacin yinsa daga Maris ne zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka.